Kwanon Mai Yasar Masai

A gidanmu na Filinge akwai wani kwanon sha mai lotsattsen baki da ake kifewa a kan katanga, nesa da randa. Na mutum guda ne, tsohon da ke yasar masai a unguwarmu. Idan ya gama aiki ya yi wanka, sai a tsiyaya masa ruwan rijiyarmu daga sama, kada moɗa ta taɓa kwanon. Mahaifinmu ne ya gina rijiyar, kuma rabin unguwa a nan take ɗiba, don ruwanta ya fi na ko'ina daɗi.

Tsohon bai san baƙi ba, amma ramin kowane gida yana cikin kansa. Ba a aika masa. Shi ke yin sallama ya ce, "Naku ya kusa, kada damina ta iske shi." Ni kuwa da na tsufa ina koyar da darasin tsabta a lakwal, wato makarantar boko, ina zana ƙuda a allo da ƙafafunsa shida cif, ban taɓa sanin ranar da namu ke cika ba.

Da yayana ya gama aikin gwamnati a Yamai, ya dawo gida da kujerar masai ta tangaran da kuma takarda mai zane. Fos za a gina, wato ramin siminti da ke tara ƙazanta, ruwan ya zarce wani ramin duwatsu, ƙasa ta shanye. Hantsi guda muka yi muna shawarar yadda za a girka kujerar kada ta fuskanci alƙibla ko ta ba ta baya. Wannan daidai ne. Sai dai garin gyara hakan aka matsar da ɗakin kujerar zuwa kudu, ramin duwatsun ya faɗo taku kaɗan daga bakin rijiya. Duk cikinmu ba wanda ya tambayi inda ruwan zai fuskanta.

Tsohon ya zo duba masan mata na cikin gida, ya tsaya kan magina.

"Alhaji, wanga rami ya matse rijiya. Rairayin nan ba ya riƙon amana."

Yaya ya ce, "Baba, injiniya ya zana wannan. Kai dai ji da bokitinka."

Sai ya juyo gare ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal. "Mushe, kai ka yi karatu. Hwaɗa mishi."

Na san shafin a littafin darasin tsabta. Rijiya a hagu, masai a dama, doguwar kibiya a tsakani; na sha dukan yara a kansa. Amma yayana ne, a ɗakinsa na kwana shekarun karatuna, ga kuma magina sun zuba ido. Na ce, "Siminti ne, Baba, ba ya yoyo." Gaskiya na faɗa game da rami na farko. Na biyun ne ban ambata ba.

Fos yana son a buɗe shi lokaci-lokaci a kwashe. Motar kwashewa tana Yamai, Yaya kuma ya yanke hukuncin cewa abin zamani ba ya cika. Kowace bazara tsohon zai ce, "A buɗe a duba, Alhaji," a ce masa wannan ba irin nasu ba ne.

A damina ta uku ya fara zuwa da gorarsa. In an miƙo ruwa sai ya ce, "Na gode, na sha." Mata suka ce girman kai ya shige shi. Yaya ya kwashe da dariya a zaure: "Mai yasar masai ya fara ƙyanƙyami! Saura ya zo mana da turare." Kowa ya yi dariya, har da ni, mai takardar shaidar koyarwa.

Maƙwabta suka janye gugarsu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce uffan, don kunyar Alhaji. Mu muka ci gaba da sha, don tamu kunyar. Sai da zawo ya kwantar da jikata a likita, ma'aikaciyar ta tambaye ni wane ruwa muke sha, da ladabin wadda na taɓa koya wa darasin. Yarinya ta tashi. Rijiya ce ba ta tashi ba.

Tsohon muka kira ya cike ta, shi da ba a taɓa bari ya kama igiyar gugarta ba. Yana zuba ƙasa na ce, "Baba, da ka daina sha, don me ba ka gaya mana ba?"

"Na hwaɗi tun ana gini, Mushe. Kai ka ce siminti na."

Na shiga gida na ɗebo ruwan famfo a moɗarmu ta randa, na miƙa masa hannu da hannu. Ya dubi moɗar, ya dubi katanga.

"Kawo mini nawa dai. Shi na san inda yake kwana."

Na ɗauko masa.

Ya rasu bara. Fos yana nan, har yau ba a buɗe shi ba. Inda rijiyar mahaifinmu take an daɓe wurin sumul, Yaya na ajiye motarsa a kai, yana kuma yaba inuwar wurin.