Babban Yatsan Baba

Shekara ashirin da ɗoriya Baba ya yi yana cusa ƙafarsa cikin takalmin soja. Lokacin da ya yi ritaya muka bar barikin Shadawanka muka koma gidan kakanmu a Ƙofar Dumi, babban yatsan ƙafarsa ta dama ya riga ya karkace ya hau na kusa da shi, ƙashin gindinsa ya turo waje, fatar wurin kullum ja. Duk takalmin da ya saya sai ya sa reza ya yanke gefensa. Masallaci ba nisa, amma sai ya tsaya sau biyu a lungu, ya dafa bango, ya yi kamar gaisuwa ce ta tsayar da shi.

Ni na matsa masa. A lokacin na fara koyarwa a firamare, ina ji kamar na san komai. Na kai shi asibiti, likita ya nuna mana hoton ƙafar, ya ce za a yanka ƙashin, a miƙar da shi, a riƙe shi da ƙusa. Sannan ya tambayi Baba ko yana shan maganin sugansa.

"Ina sha," in ji Baba. Na san sai ya ga dama yake sha. Na yi shiru.

A hanyar gida ya ce, "Uwata, ƙafar nan ta kai ni daji ta dawo da ni. A bar ta mana haka."

"Haba Baba, sati shida ne fa kawai."

Aka yi aikin. A sati na uku bandejin ya fara wari, har Inna, mahaifiyarmu, takan kunna turaren wuta kafin masu dubiya su shigo. Muka koma asibiti. Aka cire ƙusar, aka wanke ciwon, aka sake wankewa, ya ƙi kamewa. Ranar da likita ya ce sai an yanke yatsan, Baba ya karɓi biro ya sa hannu, bai ko dube ni ba. Bayan wata biyu aka yanke rabin ƙafar.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya, yana sallah a zaune kan kujerar roba. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Sau ɗaya na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ranar nan da likita ya yi tambaya, da na faɗi gaskiya…"

Ya ce, "Miƙo min butar can, azahar ta yi."

Na miƙa masa. Ba mu sake tayar da zancen ba har ya rasu.