Gwangwanin Baba Otto

Ranar Talata ce. Ƙarfe takwas na shiga bas daga unguwar Sparkhill zuwa benen Baba Otto, a saman wani shagon kafet. Tsohon sojan Jamus ne, ya haura casa'in. Fursunan yaƙi aka kawo shi Ingila, bai koma ba. Ni nake masa wanka da shayi kafin in wuce jami'a. Wadda ta gabace ni awa guda take yi, ni kuwa council, wato hukumar gari, ta yanka min minti ashirin. Minti ashirin, don Allah! Ko safa ba ya gama sakawa.

Yana da gwangwanin biskit. A ciki akwai lambar yabo, baƙin gicciyen ƙarfe da ake ratayawa a wuya, da hoton sojoji goma sha ɗaya. Lambar ba ya ko taɓa ta. Ya ce an ba shi ita ne saboda ya riƙe wata gada har mutanensa suka ƙare. Hoton kuwa kullum sai ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa tsayawa ya kai ƙarshe ba. Ran nan na zare hoton daga hannunsa, na jingine a taga, na fice.

Shida da rabi na yamma na dawo. Tarzoma ta ɓarke a unguwar, jiniya ta ko'ina. Bakwai saura kwata aka fasa gilashin shagon. Sai ihu, sai warin fetur. Na kira 'yan kwana-kwana, shiru. Na waiga, babu tsoho. Ashe da ya ji jiniya, abin da yaƙi ya koya masa ya yi. Ya bi bango ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, rungume da gwangwani.

"Baba, fito!"

"Kwanta ƙasa!" Ya daka min tsawa.

Takaici kamar in fashe. Na sunkuya na goya shi, na ɗaure da mayafina kamar jariri. Ba shi da nauyi. Muka bi ƙofar baya, ta lungun shara, hayaƙi na bin mu. Bakwai da kwata rufin ya rufta.

A motar asibiti ya buɗe gwangwanin. Ya ture lambar gefe, ya yi ta laluba ƙarƙashinta. Ya dube ni. Hoton a taga na bar shi.

Kwana tara ya yi ya rasu. Lambar ko ƙwarzane ba ta yi ba, tana cikin ambulan a wani ofis, babu magaji. Su goma sha ɗaya ne a hoton. Sunaye shida nake iya kawowa.