Odile da Ƙugiyoyinta Masu Araha

Odile Michaud matar yayana ce, kuma tun ranar da yayan nawa, marigayi Rosaire, ya kawo ta gidanmu ba ta taɓa bari na ci ta a musu ba. Ni ma dai ban bar ta ta sha iska ba. A nan arewacin jihar Maine ta Amurka in ka ce Odile ba mai tambayar ka wacce. Ita ce mai ɗaura kifin gashi: ta ɗauki doguwar ƙugiya ta naɗe ta da zaren azurfa, ta kwantar mata da gashin zakara da na wutsiyar barewa, har ta koma kamar 'yan kifayen nan masu sheƙi da babban kifin nan salmon ke fafara in ƙanƙarar tafki ta narke. A hannu take ɗaurawa, ba ta maƙale ƙugiya a bakin ƙarfe kamar sauran mutane. Babban yatsanta na hagu duk tabon huji ne.

Abin da ke ba Harlan Tibbetts mai kantin kayan fatsa takaici shi ne irin ƙugiyar da take saye. Ya sha ajiye mata masu tsada, waɗanda ake jerawa kaɗan-kaɗan a 'yar takarda kamar 'yan kunne. Ko kallo ba su ishe ta ba. Sai ta sunkuya can ƙasan kanta ta jawo ƙaton kwalin masu araha, wanda ƙura ta rufe.

"Odile, araha fa ba ta ado," in ji Harlan.

"Wa ya ce maka biki zan je? Kifi za a kama."

Amma kada ka ɗauka ko wace tarkace take ɗaura wa gashi. Da an gama farautar barewa, sanyi ya kankama, sai ta juye kwalin a farantin gasa burodi a teburin kicin, ta aika a kira ni. Wai ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaya bayan ɗaya muke bi. Ta goga tsinin a farcenta; in ya kama, ta ajiye a dama, in ya zame, ta tura mini na wasa da magagari. Ta ɗaga kafar da ake zura zare ta duba a hasken taga, don in bakin bai haɗe ba shi zai yanke zaren ranar da babban kifi ya zo. Sannan ta tsamo wasu ta caka a guntun katako ta ja da ƙarfinta. In sun buɗe, ƙarfen ya yi laushi, in sun karye ya yi gautsi, kwalin gaba ɗaya sai ya koma wa Harlan. In suka lanƙwasa kaɗan suka dawo daidai, sai ta ce, "Yawwa, 'yan halak." Ladana kuwa wake da ployes, wato irin wainarmu ta nan, masu zafi da man shanu, da zagi.

"Fernand, wannan wasawa ka yi ko lallashi? Kai ko tsinken sakace ba ka iya feƙewa ba."

Na taɓa tambayarta dalilin wannan wahala, alhali masu tsadar a wase suke zuwa. Ta nuna mini taga da haɓa, wajen bakin kogin da ke zuba cikin tafki, inda gumagumai suka nutse tun zamanin da ake koro katako ta ruwa. Kowa ya san manyan kifaye a ƙarƙashinsu suke kwana, kowa kuma ya san wurin cin ƙugiya ne.

"Mai ƙugiya mai tsada matsoraci ne," ta ce. "Kewaye wurin zai yi ta yi yana lissafin abin da zai rasa. Ni so nake mutum ya jefa tawa cikin gumaguman nan ko a jikinsa. In ta maƙale, oho, ya ɗaura wata."

To, sai suna ya zo mata, kuma shi ya ɓata mata lissafi. Baƙi daga Boston suka fara saye suna sakawa a gilashi. Ranar da ta je cire haƙori a birni ta tarar da kifayenta na gashi a jere a bangon likita, ta dawo kumatu a kumbure tana huci. "An kashe su an rataye, Fernand! Ko ruwa ba su taɓa gani ba." Na yi dariya har da riƙe ciki. Ta yi mako ba ta ba ni wake ba.

A sanyin bara ciwon gaɓoɓi ya ci ƙarfin yatsunta. Abin da take gamawa kafin kofi ya huce ya koma aikin yini. Ba ta yi ɓoye-ɓoye ba, bayan an tashi coci ta faɗa a gaban kowa cewa wannan ne ɗaurinta na ƙarshe. Kai, da ta sani da ta yi shiru. Gari ya ɗauka, kowa yana son ya samu ɗaya. Harlan ya zo har gida da ƙugiyoyi na musamman a cikin akwati mai shimfiɗar karammiski, wai aikin ƙarshe ya cancanci ƙarfe na gari. Ta ba shi kofi, ta mayar masa da akwatinsa, ta sa ya kawo mata wasu baƙaƙe munana da ya rasa mai saye. Sun ci jarrabawar katako, shi ke nan. Tunaninta, ba mai rataye mummunar ƙugiya a bango. Ta raba su ga mutanen garinmu kaɗai, masu kamun kifi na gaske, kowa ta sa shi ya yi alkawarin zai jiƙa tasa.

Ƙanƙara ta fashe, jirage suka cika tafki, Odile tana zaune a baranda tana jiran labari. Shiru. Wanda ta tambaya sai ya sosa ƙeya. Wannan ya ce ruwan bai yi ɗumi ba tukuna, wancan ya ce ya manta tasa a gida. Harlan da kansa, da bakinsa ya yi alkawari, ya manna tasa a gilashi bayan kanta. Ashe ba asarar ƙugiya suke tsoro ba, ita suke tsoron rasawa. Na gane haka, na kuma ji tausayinsu, amma ita abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta rame, ta daina zagina, wannan kuwa shi ya fi tayar mini da hankali.

Wata safiya ta buga mini waya. "Fito da jirginka."

Na same ta a bakin ruwa cikin tsohuwar rigar sanyin Rosaire, da kifin gashi guda a tafin hannunta, fari da toka-toka da ɗan ja a maƙogwaro. Shi kaɗai ya rage mata. Kan ya ɗan karkace, zaren bai kwanta sumul ba, kana gani ka san da ƙyar aka gama shi.

"Odile," na ce, "bar mini wannan mana. Ga wasu cike da akwatina."

"Au, kai ma? Ɗaura, ko na ɗaura da haƙori."

Na ɗaura. Na ba ta sandar, ta rungume ta a ƙirji da hannu biyu don yatsun ba sa damƙa. Na kunna inji a hankali, zaren ya miƙe a bayanmu. Da muka doshi bakin kogi sai na ɗan karkata waje.

"Ina za ka? Coci?"

"Akwai gumagumai a nan."

"Ai na sani, sarkin tsoro. Matsa."

Na matsa. Muka wuce, ba abin da ya taɓa, na sauke ajiyar zuciya.

"Juya. Wannan karon ka bi ta kansu."

Ina ganin baƙaƙen itatuwan suna wucewa a ƙarƙashin jirgi. Sai sandar ta lanƙwashe, faifan zaren ya ɗauki kuka. Can bayanmu salmon ya yi tsalle sama, ƙato, yana walƙiya, da ɗan jan nan a gefen bakinsa.

"Ka gan shi? Fernand, ka gan shi?" Tsohuwa tana ihu kamar an ba yarinya alewa.

Na kashe inji na miƙa hannu zan taimaka, ta buge ni da gwiwar hannu. Kifin ya sake tsalle, ya girgiza kai, ƙugiyar ba ta sake shi ba. Odile tana ja, yana ja, hawayen ciwo da na dariya duk sun haɗu a fuskarta. Daga nan ya nutsa ƙasa, kai tsaye cikin gumagumai. Zaren ya yi tauri, ya goga da itace, ya tsinke.

Na naɗe zaren da ba komai a bakinsa. Hawaye suka zubo mini. Ina son matar nan, kuma aikin hannunta na ƙarshe ya tafi ina kallo.

"Share fuskarka, ƙaton banza," ta ce. "Tsatsa za ta cire wa kifin ƙugiyar, ba abin da zai same shi."

Ta daɗe tana kallon wurin da ya nutse, tana murmushi. Sannan ta miƙo mini sandar, ta ɗora hannayenta a cinya a buɗe.

"Mai da ni gida, Fernand. Na gama."