Shekarar da Aka Hana Ni Canza Hanya

Ina cikin shekarata ta shida da fara koyarwa a lakol ɗin wani ƙauye na karkarar Gangara sa'ad da direktanmu ya dawo daga Gazawa da wata takarda. Ya ce wasu masu bincike daga Yamai za su gwada sabuwar hanyar koyar da lissafi, kuma an sa lakol ɗinmu a ciki. Na yi murna, don lissafi ne ya fi ba ni wuya da ajina, yara wajen saba'in a rumfar kara.

Aka tara mu malamai a Gazawa. Shugabar binciken, wata mata mai sanyin murya, ta sa aka rubuta sunayen makarantu a guntayen takardu, aka zuba a ƙwarya, aka yi ƙuri'a. Rabi za a ba su darasi ta intanet a salula kowane mako. Sauran kuwa za su ci gaba da koyarwa yadda suka saba, don a samu abin kwatantawa a ƙarshen shekara. Mu muka faɗa cikin sauran.

Na ɗaga hannu na ce, "Madam, in na ga wani abu mai amfani wajen abokan aikina, ba zan ɗauka ba?"

"Ka yi haƙuri, Mushe," in ji ta. "Ku ne mudun da za mu auna da shi. In mudu ya canza, awon ya ɓaci. Shekara guda ce kawai."

Na sa hannu a takardar kamar kowa.

Wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare yana koyarwa a ƙauyen da ke gaba da namu, kuma shi ƙuri'a ta ba shi darasin. Ran kasuwar Gazawa muke haɗuwa a rumfar mai shayi, inda rezo, wato sabis ɗin salula, ya fi ƙarfi. A nan yake sauke darussansa, ni kuma ina leƙe ta kafaɗarsa. Na ga wata malama ta zube duwatsu a tabarma, ta ce da yara cikin Hausa su raba su kashi huɗu. Sai da kowa ya raba da hannunsa, ya faɗi abin da ya yi saura, sannan ta rubuta a allo ta faɗi sunansa da Faransanci. Na koma gida ina jin kunyar shekaru shida da na yi ina fara darasi daga inda ya kamata in ƙare.

A ajina akwai wata yarinya daga rugar da ke bayan gari. Hausarta ma da ɗan nauyi, balle Faransanci. Amma na taɓa ganinta a bakin rijiya ta dubi garken mahaifinta sau ɗaya ta ce saura biyu ba su iso ba, kuma haka ɗin ne. A cikin aji kuwa, in na rubuta tamanin da huɗu a raba gida bakwai, sai ta kwafe shi da kyau a littafinta, ta ja layi, ta zauna tana kallona. Na san abin da take bukata. Duwatsu kuma ga su nan birjik a bakin rumfa.

Ba tsoro kaɗai ya hana ni ba, ko da yake akwai shi. Wani ma'aikacin binciken yakan zo a kan babur ba sanarwa, ya zauna a bayan aji yana latsa salularsa duk lokacin da na buɗe baki. Abin da ya fi ɗaure ni shi ne na yarda da maganar matar nan. In awon ya fita daidai, wataƙila a kai hanyar ko'ina. In na ɓata shi, na cuci yaran da ban sani ba saboda waɗanda na sani.

Wata Laraba a wata na biyar da fara gwajin, haƙurina ya ƙare. Da aka tashi, na tsayar da yarinyar, na ɗebo tsakuwa ashirin da uku na ce ta raba wa mutum biyar. Kafin in gyara zama ta gama.

"Huɗu-huɗu, Mushe. Uku sun rasa mai su."

Na rubuta mata shi a ƙasa da yatsa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ashe abin da ake nufi ke nan?"

Washegari ta koya wa ƙawayenta biyu, zancen ya kai kunnen direkta. Ya kira ni buro, ya rufe ƙofa.

"Malam, ni ma ina da ƴaƴa a lakol ɗin nan," ya ce. "Amma ni da kai mun sa hannu. In mutumin nan ya tarar da tsakuwa a ajinka, me zan ce?"

Ban sake ba. Da ma'aikacin ya zo ya tambaye ni ko na yi amfani da wata hanya dabam, na ce sau ɗaya, da yarinya ɗaya. Ya latsa wani wuri a salularsa. Sauran watannin na yi su ina rubuta ƙa'idodi a allo, yara suna maimaitawa da ƙarfi, yarinyar kuma ta daina kallona, ta koma kallon ƙofa.

Ƙarshen shekara masu binciken suka zo da takardun gwaji, suka kwashe, suka tafi. Da aka koma lakol bayan hutu yarinyar ba ta dawo ba, danginta sun yi arewa da dabbobi. An ce bayan bincike mu ma za a ba mu darasin, amma kafin nan aka maida ni wani ƙauye kusa da Cadakori, wanda ba ya cikin jerinsu. Na tambayi abokina sau da yawa ko sakamakon ya fito. Ya ce shi ma ba wanda ya gaya masa, kuma shafin darasin ya daina buɗewa a salularsa.