Ranar da Muka Kai Python Bayan Ɗanbatta

Ana sallame sallar asuba muka bar Rijiyar Zaki, ni da wani abokina. Innata, ƙanwar mahaifiyata, wadda ke koyarwa a firamaren wani ƙauye bayan Ɗanbatta, ita ta matsa in zo in nuna wa 'yarta yadda ake fara Python, wato yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Mahaifin yarinyar ya riga ya rantse, in dai kallon fim kaɗai ake yi da kwamfutar da yayanta ya bar mata, sayar da ita zai yi ya sayi taki.

A tasha aka cusa mu a bayan mota, gwiwata a jikin buhun wani. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ce mai ne ya tashi, kuma bai son dogon zance. Hanya dai ta yi kyau da damina: gero ya yi kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, ba ka gama wuce wani ƙauye ba sai ka shiga wani. Mun karya da koko da ƙosai a Ɗanbatta, ƙosan ya ƙanƙance kamar ana jin haushin mai saye. Daga nan ɗan acaɓa ya yi mana wanka da taɓo har ƙofar gida.

Mun tarar da taro a gindin darbejiya. Ashe wani ya fassara musu cewa Python mesa ce. Wani dattijo ya matso ya ce, "Malam, a jakar take?" Da na fito da kwamfuta sai aka watse ana tsaki.

Takaici na gaske yana gaba. Abokina, wanda ya rantse ya saka manhajar Python a filas, wato ɗan abin da ake adana bayanan kwamfuta a ciki, ashe filas ɗin bikin yayansa ya ɗauko. Waƙoƙi ne zalla. Sabis kuma ba a samu sai a kan wani tudu a gonar dawa. Can muka tsaya cikin rana, ina ɗaga waya sama, manhajar tana sauka tana katsewa. Da ƙyar ta kammala bayan azahar, sai cajin kwamfutar kuma ya ƙare, muka nufi shagon caji.

Sai la'asar yarinyar ta zauna. Layin farko, ta sa babban baƙi inda ake son ƙarami, allo ya yi jan rubutu. Ta gyara, ta manta rufe alamar baka, ya sake yin ja. Na fara ɗaga murya, innata ta harare ni, na sauke. A hankali dai ta rubuta ɗan umarnin da ke tambayar sunan mutum ya gaishe shi.

Aka kira mahaifinta daga gona. Da yatsa ɗaya ya lalubo sunansa, allo ya ce masa barka da yamma. Ya daɗe yana kallo.

"Ita ta koya masa wannan?"

Na ce ita ce.

"To, a bar mata zuwa kaka, mu gani."

Mun dawo Kano bayan magariba, wando duk taɓo. Abin da na koya shi ne, fara Python ba shi da wuya, kai shi inda ake bukatarsa ne aiki. Kuma kayan aikinka, duba da idonka kafin ka fita.

Ina cire takalmi saƙon yarinyar ya shigo. Ta koma gonar dawar nan ta turo hoton allo: "Yaya, na gwada lissafi ni kaɗai. Me na ɓata a layi na uku?"