Kwana Uku Ina Sallama

Ku gafarce ni, ƙaramar cikinku ce ta yi ƙarfin halin rubutu.

Sunana Nana Hadiza, ƴar lise, wato babbar sakandare, daga Zango. Lissafi ne ya gagare ni, na shigo rukuninku na waya na masu shirin bak, jarrabawar kammala sakandare. Na rubuta sallama, aka amsa, amma ba wanda ya ce in shigo. Mama ta hana ni kutsawa gidan mutane, sai na jira. Kwana uku ina maimaitawa.

Jiya Anti Zara, shugabar rukunin, ta rubuta: "Ke ƙanwata, tabarma kike jira mu shimfiɗa miki? Faɗi abin da ya kawo ki!"

Kafin la'asar hotunan tabarmi sun cika wayata, wani har da kwanon fura.

Na gode ƙwarai. Kun yarda gobe in kawo tambayata?