Sun Share Muryarka, Manniru

Ranar Asabar, 11 ga Oktoba, 2025, da hantsi, wata tirela ta bi ta kan motar hayar da ɗana Manniru yake ciki, gaba kaɗan da Abaji, a hanyarsa ta zuwa ɗaurin auren abokinsa a Lokoja. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Mun binne shi a Karshi kafin magariba. Ya bar mata ɗaya da 'ya ɗaya, Asibi, wadda ba ta cika shekara uku ba.

Manniru, waɗanda suka fara isa wurinka sun ɗauki jakarka da wayarka kafin su duba ko kana numfashi. Na rubuta wannan ne don kada a ce ban sani ba.

Na koyar da tarihi a jami'a har na yi ritaya, amma ban taɓa ganin mai tsoron a sauya magana kamarka ba. Aikinka shi ne kula da kwamfutocin wani kamfani a Abuja, kuma ba ka yarda da kwafi sai da shaida. Ranar da ka kwashe mini rubuce-rubucena daga tsohuwar kwamfuta, na ce an gama. Ka ce, "Baba, ido ba ya gani." Ka buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni, ka nuna mini abin da kuke kira hash: dogon jerin haruffa da lambobi da ake lissafowa daga cikin fayil, kamar zanen yatsa. Ko ɗigo ɗaya aka taɓa, jerin zai canza gaba ɗaya.

Ka rubuta ɗan umarninka da kanka. Ba ka son sakamako ya tsaya a kan allo, don da an rufe shi ya tafi. Sai ka tura shi cikin fayil, suna a hagu, girma a tsakiya, hash a dama, kowane a layinsa. Na tuna fushinka ranar da na'ura ta gutsure dogayen sunaye ta sa ɗige-ɗige a madadinsu. Ka ƙi cin abinci sai da ka faɗaɗa layin. Mahaifiyarka ta ce, "Wannan yaro, tuwo zai huce saboda ɗigo uku?"

Da aka haifi Asibi, ka fara naɗar mata tatsuniyoyi da muryarka, don ta ji Hausa mai kyau ko kana wurin aiki. Kwafi ɗaya a filashi, 'yar na'urar ajiya da ke jakarka, ɗaya a laftof ɗin ofis. Ni kuma duk Juma'a sai ka aiko mini da sakamakon hash ɗinsu ta imel. "Kai ne shaidata, Baba." Sakamakon kawai kake aikowa, don ka ce muryoyin sun yi wa imel nauyi.

Filashin ya tafi da jaka. Saura laftof.

Shugabanka na ofis ya zo gaisuwa ranar uku. Ba zan rubuta sunansa kusa da naka ba. Ya zauna a tabarmata, ya sha ruwana, ya ce kai ɗansa ne. Na roƙe shi abu ɗaya a gaban mutane: kada a taɓa laftof ɗin sai na zo. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba, Dokta, ko ba ka faɗa ba."

Bayan sadakar bakwai na je. Na tarar da wani a kujerarka, laftof ɗinka a gabansa. Shugabanka ya fito yana duba agogo.

"Baba, ai an yi fomatin, an share komai. Aiki ba ya jira."

"Na roƙe ka."

"Ba wani abu a ciki fa. Ni na duba da kaina. Gizo da Ƙoƙi ne kawai." Ya yi dariya, ya waiwayi ma'aikatansa ko za su taya shi. Sannan ya ce idan da hali a maido musu katin shiga ofis.

Na gode masa. Na yi sallama yadda aka koya mini.

Na koma gida na kunna umarninka a kan sakamakon ƙarshe da ka aiko. Ya yi aikinsa babu kuskure. Ya kira kowace tatsuniya da cikakken sunanta, ya ce babu ita, ya sauka layi na gaba.

Abokiyar aikinka Lucia, Allah ya saka mata, ta hau acaɓa har Kurudu ta kawo mini guda ɗaya da ka taɓa tura mata ta WhatsApp don 'ya'yanta. WhatsApp ta matse tatsuniyar, ƙarar janareto ta hau kanta. Na gwada ta da hash ɗinka. Allon ya ce ba ita ba ce.

Duk da haka na ɗora Asibi a cinyata na kunna mata. Ta saurara har Gizo ya kai bakin kogi. Sai ta ɗago ta ce, "Kaka, waye wannan?"

Allah ya jiƙanka, Manniru. Ya yalwata kabarinka, Ya sa haske a cikinsa, Ya karɓi shahadarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, wadda har yau ba ta shiga ɗakinka ba, da matarka da ke takaba, da Lucia da sauran abokan aikinka da suka sunkuyar da kai ranar da aka yi dariya. Allah ya raya Asibi, Ya ba ta wanda zai gaya mata gaskiya a kanka idan ba na nan.

Direban tirela dai na yafe masa, don bai san ka ba. Ɓarayin hanya na bar su da yunwarsu. Wanda ya zauna a tabarmata kuwa, malamai sun yi mini nasiha a kansa, na saurare su da ladabi. Ban yafe ba.

Dokta Yamusa
Kurudu, Abuja